Ranar da aka cika mini kuɗin magani a Gombak

Har yau ban faɗa wa Dakta abin da ya faru da ni a kantin magani ba, matarsa ma ba ta da labari. Dakta shi ne ɗana na fari, shi ya ɗauko ni daga Katsina ya kawo ni Malesiya bayan rasuwar mahaifiyarsa, lokacin da ciwon suga ya fara taɓa mini ido. Yana koyarwa a wata jami'a, muna zaune a Gombak, arewa da Kuala Lumpur, can saman wani dogon bene. Tun ranar da na sauka na gindaya masa sharaɗi guda. Ci da sha da makwanci na yarda ya ɗauka, amma magani ni zan riƙa saye da fanshona. Shekara 35 na yi tsakanin aji da ofishin ilimi, tun Katsina tana cikin jihar Kaduna, kafin a ba mu tamu jihar a 1987. Wanda ya yi wannan bautar bai kamata a ce ƙwayar da zai haɗiya ma sai ya miƙa hannu ba, ko da kuwa ga ɗan cikinsa ne.

Katin bankinmu na gida ba ya aiki a waje a lokacin, saboda haka sai na samu wani yaro ɗan Funtuwa da ke aiki a nan, mai son aika wa iyayensa kuɗi. Idan fansho ya shiga sai in tura wa mahaifinsa naira, shi kuma ya kawo mini ringgit a hannu. Da farko abin yana isa, har in rage na alewar jikoki. Sai aka saki naira a watan Yunin 2023, aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta. Zuwa farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, ringgit ɗaya ya wuce naira 300, fansho kuwa yana nan inda na bar shi. Kowane wata takardun da yaron ke kawo mini sai raguwa suke, yana miƙo su yana sunkuyar da kai, ni kuma ina ce masa ba komai, ba laifinsa ba ne.

Ranar wata Laraba ce bayan La'asar, ana ruwan nan nasu na yamma mai tsawa. Na sauka kantin magani da ke jerin shagunan ƙasan benenmu, sanye da farar shadda da hula zanna, don ni ban taɓa fita da wasu kaya ba tun da na zo. Yarinyar kantin ta haɗa mini allurar suga, da maganin hawan jini, da 'yan tsinken nan na gwada jini, kuɗin ya fito a allon na'urarta. Na ƙirga abin da ke hannuna, na sake ƙirgawa. Saura ringgit 23 kuɗin su cika. Na laluba aljihun gaba, na laluba na gefe, na zube 'yan silalla a kan teburin, wata ta gangara ƙasa, wani yaro ya tsinto ya miƙo mini. Bayana mutane sun yi layi, ba mai cewa uffan. Na ce wa yarinyar da Turanci ta cire tsinken gwajin, zan dawo.

Ban rufe baki ba sai na ji na'urar ta yi ƙara. Wata mata ce a bayana, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba, da lulluɓinta, riƙe da ɗanta. Ta ɗora wayarta ta biya, ta ce, "Tak apa, pakcik," wato ba komai, Baba. Sannan ta tura yaron gabana, ya kama hannuna na dama da hannu biyu ya kai goshinsa, yadda suke gaida manya. Na ce mata Allah ya saka da alheri, da Larabci na faɗa don shi ne ya zo bakina. Muryar da ta fita ba tawa ba ce.

Alheri ta yi, kuma ina roƙon Allah ya ba ta ninkinsa duniya da lahira. Amma na hau bene da ledar maganin nan tana yi mini nauyi. Ban je Magariba a masallacin unguwa ba, a ɗaki na yi. Matar Dakta ta leƙo ta ce, "Baba, lafiya kuwa?" Na ce sanyin ruwan nan ne. Ta kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da ake roƙon ɗalibai su riƙo mana in za su dawo daga hutu, na ɗan taɓa na ture.

Wanda ya san ni a Ƙofar Marusa zai gane abin da ya dame ni. Ni ne nake tsayawa a kemis in ga tsohuwa tana juya takardar likita, in ce wa mai shago ya ba ta ya rubuta a kaina. Kaka in ta yi, gero da dawa daga gonarmu ta Batsari suke zuwa, a fitar da zakka a ƙofar gida kafin a kai ko tiya ɗaya cikin rumbu. Mun taso muna jin hadisin da ya ce hannun sama ya fi hannun ƙasa, kuma iyakar ƙoƙarina na yi in zama na saman. Ga kuma wani abin da ya fi cin raina. Sunan Najeriya ba shi da daɗin ji a wurin wasu mutanen ƙasar nan, saboda abin da 'yan tsirarun yaranmu suka aikata. Akwai masu gidajen haya da ke jin baƙin mutum ne sai su ce an riga an kama. Ni da nake sa manyan kaya don a ga cewa muna da dattawa, muna da mutunci, sai ga ni gaban layi ina tattara silalla. Da wata ya ƙare na ɗauki ringgit 23 na jefa a asusun masallaci da niyyar ladan ya je mata. Na yi, amma abin bai bar zuciyata ba. Kantin nan kuwa ban sake shiga ba, gara in hau jirgin ƙasa in je wani mai nisa.

Kada a ce na raina ni'ima. Tun da na zo ban ga an ɗauke wuta ta wuni ba, allurata tana cikin firji hankalina kwance. Da dare ina barci ba na sauraren ƙarar babura. Likitan idona yana zama ya yi mini bayani har sai na gane. Ɗan ƙasa ringgit ɗaya yake biya ya ga likita a asibitin gwamnati, mu baƙi namu ya ninka haka sau da yawa, kuma ban ga laifinsu ba, ƙasarsu ce, sun tanada wa nasu. Da na ji yadda talakansu ke tara kuɗin Hajji kaɗan-kaɗan a Tabung Haji, asusun da suka kafa tun 1963, sai da na yi shiru ina tuna tsofaffinmu da ke sayar da gona su tafi.

Kuma an girmama ni. Su 'yan Shafi'iyya ne, suna ƙunutu a bayyane da Asuba, suna kama hannu a salla, ni kuwa sadalu na tashi da shi. Farkon zuwana yara kan juyo su kalle ni. Wata Asuba liman bai zo ba, suka dubi furfurata suka tura ni gaba. Na karanta da Warshu yadda na koya a allo wajen malaminmu. Ina cikin Fatiha wani ya yi gyaran murya zai gyara mini. Da aka sallame sai wani ustazu da ya yi karatu a Azhar ya miƙe ya yi musu bayani da yarensu cewa ruwaya ce ingantacciya, ita ake karantawa a Maroko da yammacin Afirka. Ya roƙe ni in riƙa karanta musu ko shafi ɗaya ne ranar Lahadi. Ranar na koma gida ina jin kamar in kira duk Katsina in faɗa musu. Jikana, mai sunana, ya ce, "Alhaji, yau kai ne liman?" Na ce ni ne, angon kakarka. Bai gane wasan ba, don Hausarsa ba ta kai nan ba, Turanci da Malayanci sun cinye ta.

Takardar zamana a jikin ta Dakta take rataye. A matsayin mahaifin ma'aikaci aka ba ni, idan kwantiraginsa ya ƙare tawa ma ta ƙare. Duk lokacin sabuntawa sai mu tafi Putrajaya, birnin ofisoshin gwamnatinsu, da fayil, shi yana gaba yana magana, ni ina zaune ina jiran a kira lamba. A irin wannan zaman na haɗu da wani Bature ɗan Ingila, tsohon injiniya, wanda ya daɗe a tsibirin Penang. Shi da shirin MM2H ya shigo, wanda aka buɗe a 2002 don masu ritaya daga ƙasashen waje su zo su zauna da kuɗinsu, kuma Japanawa da 'yan Sin da Turawa da yawa sun shigo ta nan. Yana ta ƙorafin yadda aka tsaurara sharuɗɗa a 2021, aka ce sai mai samun ringgit 40,000 a wata daga waje, da ajiyar miliyan ɗaya a banki. Na lissafa a raina, fanshona na shekara bai kama ƙafar na wata ɗaya ba. Amma da hira ta yi nisa sai na ga damuwarmu ta haɗu. Kamfanonin inshora ba sa son tsoho mai tsohon ciwo. Gwiwa ta hana shi hawa matakala. 'Ya'yansa sai su yi wata ba su kira ba. Matarsa ta rasu a nan, ya ce mini ko ya koma Ingila ba wanda zai tare shi a filin jirgi. Na tausaya masa ƙwarai. Ni ina da masu tarata, kuma sanin hakan ne yake hana ni barci.

Sa'a bakwai ce tsakaninmu da gida. Ina gama Asuba, su a lokacin suke shirin kwanciya. Sai bayan Azahar ta nan gari yake waye musu, saboda haka rabin yinina jira ne, ina zaune a baranda ina kallon motoci a ƙasa, ba mai sallama, ba mai cewa Malam an tashi lafiya. Maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa mutumin kirki ne, amma gaisuwarsa murmushi ce a cikin lif. Amini na, wanda muka shiga kwalejin horon malamai tare, ya rasu bara. A WhatsApp na gani, tsakanin sanarwar ɗaurin aure da tallan atamfa. Kafin in samu layin ɗansa har an dawo daga maƙabartar Ɗan Marna. Ta'aziyya a waya ba ta'aziyya ba ce. Ba ka zauna a tabarma ba, ba ka ɗauki makara ba, ba a ga fuskarka ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, da ina jin maganar ne kawai a baki.

Daga nan ne na fara yi wa Dakta maganar da ba ya son ji. Idan tawa ta zo a nan fa? Babu jirgin da ke tashi kai tsaye zuwa gida, sai an bi ta Doha ko Addis Ababa, ga takardu, ga kwanaki, alhali addini ya ce a gaggauta. Na san ƙasar Allah duk ɗaya ce, kuma Musulmin nan za su yi mini sutura yadda ya kamata. Sai dai ina son a sa ni kusa da mahaifina da uwar 'ya'yana, inda wanda ya zo wucewa zai san kabarin wane ne ya yi addu'a. Dakta yakan ce, "Baba, don Allah a bar wannan maganar, a bari a yi aikin ido ɗayan tukuna." In na dube shi sai in ga yaron da na kai firamare a kan keke, yanzu ga shi ana miƙewa in ya shiga aji a ƙasar da ba tasa ba. Ba na son in karya masa zuciya.

A gida kuwa abubuwa sun taru. An ɗaura auren 'yar ƙanena, ni ne babba a gidan, ni ya kamata in bayar, sai wakili aka yi. Yaya Hajiya ta tsufa ƙwarai, duk kiran da na yi sai ta ce, "Malam, so kake sai na mutu ka zo gaisuwa?" Autata tana da ciki na fari, ba uwa, mijinta kuma aikinsa a Abuja yake, tana zaune wurin dangin miji tana ce mini komai lafiya, muryarta kuwa tana faɗa mini wani abin daban. Rufin zaure yana yoyo tun damina biyu da suka wuce, 'yan hayar da aka sa a ɓangarena sun ɗaure awaki a gindin dalbejiyar da marigayiya ta shuka.

Sai maganar gona. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin Batsari ba wanda ya noma ta yadda ya kamata, wanda ke kula mana da ita ma ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin gari. Ƙanena ya samu mai saye, kuɗin ko rabin darajarta bai kai ba, ya ce a sayar a raba, kowa ya rage zafi, ni ma in samu na magani. Na san yana cikin matsi, 'ya'ya tara gare shi, kuma ba da mugun nufi ya faɗa ba. Na ce masa, "Ƙarami, gonar Baba ce, ba za a sayar ina wata ƙasa ba. Ka jira ni." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, sai yaushe?" Na ce bayan Babbar Salla in Allah ya kai mu, ko an yi aikin idon ko ba a yi ba. Na faɗa wa Yaya Hajiya ita ma, ta ce ta rubuta ta ajiye. Dakta ne kaɗai ya rage, kuma daren yau in ya dawo daga aiki zan zaunar da shi.