Ashirin ɗin da ban ƙirga ba

Ƙannena da kuka fito daga makarantar jinya kwanan nan, da ku da har yanzu ake tura ku asibiti koyon aiki, akwai wata lamba da nake so ku riƙa tsayawa a kanta idan kun gan ta a fayil, ita ce 20. Ku ɗauki takardun awo na majinyata goma, ku bi layin numfashi da yatsa. Sau da yawa abin da za ku gani shi ne 20, 20, 18, 20, tun daga safe har dare, kamar duk mutanen ɗakin da huhu ɗaya suke shaƙar iska. Ni ma na rubuta irin wannan lambar da hannuna, kuma saura ƙiris ta ci ran wata yarinya.

A shekarata ta biyu da kama aiki ne. Ina aikin dare a ɗakin mata na waɗanda aka yi wa tiyata, ni kaɗai da wata ɗaliba, gadaje kuwa sun kusa 30. A gado na kusa da taga akwai wata budurwa da ba ta wuce shekara 18 ba, wadda taifot ya huda wa hanji aka yi mata aiki, kwana 3 ke nan. Uwarta ce ke jinyarta, wata dattijuwa daga ƙauye, ta shimfiɗa tabarma a gefen gado da butarta da ƙullin kayanta. Da ƙarfe 10 na zagaya awo. Na sa ma'aunin zafi, na ɗaura abin awon jini, na taɓa bugun hannunta a gurguje. Numfashi kuwa ban ƙirga ba. Na kalle ta, na ga ƙirjinta na motsi, na rubuta 20, domin haka na ga manyana suna yi, kuma akwai allurai da ƙarin ruwa suna jirana.

Wajen ƙarfe 2 na dare, an ɗauke wuta ina rubutu da hasken tocila, sai ga dattijuwar nan a bakin teburina. Ba ta shigo ba, ta durƙusa daga nesa, ta ce, “Malama, ki yi haƙuri na tashe ki daga aiki. Numfashin yarinyar nan bai yi mini ba.” Na ce, “Mama, duk wanda aka yi wa aiki a ciki haka yake, ciwon ɗinki ne. Ki je ki kwanta.” Ta ce, “To,” ta koma. Na je na haska yarinyar daga ƙafar gado, na ga idonta a rufe, awon jininta bai faɗi ba, na sake rubuta 20.

Da safe babbar sistar ɗakin ta zo karɓar aiki. Tana isa gadon ta tsaya, ta kama hannun yarinyar, idonta a kan agogo. Minti ɗaya cur ba ta ce komai ba. Sannan ta juyo ta ce, “34.” Ta buɗe fayil, ta sa yatsa a kan rubutuna, ta tambaye ni a hankali yadda babu wanda zai ji, “'Yata, kin ƙirga wannan?” Na ce a'a. Kafin azahar an mayar da yarinyar ɗakin tiyata, ashe ɗinkin hanjin ya saki, ƙazanta ta zuba a cikinta, cuta ta fara shiga jini. Ta rayu, da ikon Allah, amma ta ƙara makonni a gado, iyayenta sun sayar da abin da suka sayar don sayen magani, kuma awanni da dama na daren nan a wuyana suke.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne dalilin da ya sa numfashi ke fara tona asiri kafin sauran awo. Idan cuta ta shiga jini, ko mutum yana zubar da jini ta ciki, naman jiki ba ya samun iskar oksijin yadda ya kamata, sai jinin ya fara tsami. Hanyar da jiki ke da ita mafi sauri ta rage tsamin nan ita ce ya ƙara yawan numfashi don fitar da gurɓatacciyar iska. Awon jini kuwa, musamman a jikin matashi, yana iya tsayawa daidai na tsawon awanni, domin jijiyoyi suna matsewa zuciya tana ƙara gudu. Idan ya faɗi, to aski ya riga ya zo gaban goshi. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. A shekarar 2016 masana cutar da ke shiga jini suka fitar da alamu 3 na gaggawa da ake dubawa a bakin gado: numfashi 22 ko fiye, lambar sama ta awon jini 100 ko ƙasa, da rikicewar hankali. Biyu daga ciki sun isa a tashi tsaye. A yara ma ƙirgen nan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba wajen gane ciwon huhu: 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, 40 daga nan zuwa shekara 5. Babu na'ura a cikin wannan aikin, agogo ne da ido.

Don haka ku ƙirga, minti guda cikakke ga wanda aka yi wa tiyata, da mai zazzaɓi, da yaro, da duk wanda zuciyarku ba ta kwanta da shi ba. Kada ku gaya masa kuna ƙirgawa, domin da zarar mutum ya san ana kallon numfashinsa sai ya canza shi. Ku riƙe hannunsa kamar kuna jin bugun jini, idonku a kan ƙirji. Ku lura ko yana iya gama magana ba tare da ya tsaya ya ja iska ba, ko hancinsa na buɗewa, ko haƙarƙarinsa na lotsawa.

Na san abin da za ku ce, domin ni ma na faɗa: nas ɗaya, gado 30, ina lokacin? Gaskiya ne, kuma ƙarancin ma'aikata ba laifinku ba ne. Amma abin da na yi ya fi rashin awo muni. Da na bar gurbin babu komai, likitan da ya leƙo da dare zai ga rami ya tambaya. Lambar ƙarya da na sa ita ta kwantar masa da hankali, ya duba ya ga komai lafiya ya wuce. Fayil amana ce tsakaninki da mutanen da ba su nan lokacin da kika rubuta, su kuma da ita za su yanke hukunci a kan ran wani. Idan ba ki auna ba, ki bar wurin, ki faɗa wa mai karɓar aiki da bakinki. Maganin ƙarfe 6 da kika bayar ƙarfe 8, ki rubuta 8. Idan kin yi kuskuren rubutu, ki ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, ki gyara ki sa hannu, kada ki goge. In aiki ya fi ƙarfinki, tun farkon dare ki ware mutum 4 ko 5 da suka fi jin jiki, su ne ba za ki yi musu awon gaggawa ba ko me ake ciki.

Sai maganar masu jinya, wadda ta fi yi mini ciwo. Mu ma'aikata muna da wata ɗabi'a ta ganin mai jinya a matsayin mai damu, mai cika ɗaki da kwanuka, wanda bai san komai ba. Dattijuwar nan ba ta taɓa shiga aji ba, amma shekara 18 tana jin numfashin 'yarta. Ni minti 3 na yi a gadon, ita kwana 3 ba ta runtsa ba. Kuma kun san halin mutanenmu, kunya da kawaici ba sa barin tsohuwa ta taso ta sami ma'aikaciya da tsakar dare sai abu ya kai mata maƙura. Ba ma a nan kaɗai ba. A Ingila wata yarinya mai shekara 13, Martha Mills, ta rasu a 2021 bayan cuta ta shiga jininta a asibiti, alhali iyayenta sun yi ta nuna damuwa ba a ɗauka da muhimmanci ba. Daga 2024 aka fara aiki da wata ƙa'ida mai sunanta, wadda ta ba dangi damar neman wasu ƙwararru su zo su sake duba majinyaci idan suna ganin jikinsa na taɓarɓarewa. Mu ba sai mun jira ƙa'ida ba. Idan mai jinya ya ce “ba haka yake ɗazu ba”, ku ajiye biro ku je, ku yi cikakken awo.

Wani abin da ya riƙe ni a daren shi ne tsoron tashin likita, kada ya yi mini faɗa a ce na tashe shi a banza. Maganin wannan tsoron lambobi ne. “Likita, wance jikinta ya yi tsanani” magana ce da za a iya cewa a bari sai da safe. Amma ki ce gado kaza, kwana 3 da aikin hanji, numfashi ya tashi daga 22 zuwa 30 cikin awa 4, bugun jini 120, fitsari ya ragu, ina so ka zo ka gan ta yanzu. Ki rubuta lokacin da kika kira da abin da aka ce miki. In bai zo ba, ki nemi na sama da shi.

Ranar da aka sallami yarinyar, uwarta ta bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya tana godiya. Da ta zo kaina ta kama hannuna tana sa mini albarka, sai na kasa jurewa. Na ja ta gefe na ce, “Mama, ki yafe mini. Daren da kika zo kika gaya mini, ban duba ta yadda ya kamata ba.” Ta ce, “Na sani, 'yata, ai ina kallonki. Na yafe miki, Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Ta ɗauki ƙullin kayanta ta aza a ka, ta riƙo hannun 'yarta, suka fita a hankali saboda ɗinkin.