Tarihin Rayuwata (Kashi na 7): Shekarar da Kachala ta Kore Mu daga Fadama

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya sayar da awakin Inna biyu ya sayi irin shinkafa. To, shinkafar nan ko tiya guda ba mu ci daga cikinta ba.

Kafin na kai ku can, bari na gaya muku yadda ruwa yake a wurinmu, tsakanin Haɗeja da Nguru. Kakana ya sha ba mu labari: da damina ta yi nisa kogi zai cika ya batse, ya shimfiɗe fadama, a kama kifi, shinkafa ta nuna a cikin ruwan. In ya janye, a bi laimar da wake. Daga baya Fulani su sauko da shanu su ci kara, su bar mana taki. Fili guda, amma manomi da masunci da makiyayi kowa da lokacinsa.

Da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, sannan ta Challawa a 1992, sai kogin ya sauya hali. Babbar ambaliyar ta ragu, kuma ruwan ya daina ƙafewa da rani, yana ta tsiyaya kaɗan-kaɗan shekara cur. Abin da kachala ke so ke nan. Ciyawa ce mai tsawon da ya fi mutum, saiwarta a sarƙe a ƙarƙashin laka. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru a bayanta, wasu ƙauyuka suka nutse, wasu kuma ko na ban dabba suka rasa. Mu muna cikin waɗanda suka nutse.

A 1996 aka yi gayya har sau uku. Mu kusan arba'in, da lauje da adda, ruwa har ƙirji, matsattsaku na manne mana a cinya. Mu sara yini guda, mu buɗe hanyar da kwalekwale zai bi, bayan wata biyu ka rantse ba a taɓa wurin ba. Har yau in na ji warin ruɓaɓɓiyar ciyawa sai gabana ya faɗi. Ɗan abin da ya tsira na shinkafar kuwa, tsuntsayen jan baki suka gama da shi, don a cikin kachalar suke kwana. Ni da ƙannena muna kaɗa gwangwani tun asuba har muryarmu ta dishe.

Wata rana bayan sallar isha'i Baba ya kira ni zaure. Ni ne ɗan fari, ba ya ambatar sunana.

"Kai wannan, gobe za ka bi kawunka zuwa Kura."

"Baba, gonar fa?"

"Wace gona? Je ka ka nemo mana na hatsi."

Haka na fara ci-rani ina ɗan shekara 18. Mota ta sauke mu a hanyar Kano zuwa Zariya ana tsakiyar hunturu, ko'ina ƙura, amma gonakin Kadawa shar da alkama da tumatir iya ganinka. Ga kanal na siminti cike fal, ga mai kula da ƙofa yana murɗa ƙarfe, ruwa na bin kowane layi kamar an aike shi. Wallahi na yi murna da ganin Musulmi 'yan'uwana suna noma babu damina, har yau kuma ina ganin aikin alheri ne. Amma da Kawu ya ce mini daga Tiga ruwan nan ya taso, kuma sauransa ne ke gangarawa wurinmu, sai na durƙusa a bakin kanal ɗin na daɗe ban ce komai ba.

Mai gonar da za mu yi wa aiki ya iso a kan babur, ya dubi tafin hannuna da adda ta farfasa, ya ce na iya ban ruwa? Na ce ban taɓa yi ba.

Yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.