Wasiƙa daga Amurka: makaman da muka saya, yaya ake ɗauko su a tirela?

Assalamu alaikum jama'ar Kano, ina gaida iyaye da malamai, da 'yan uwana direbobin manyan motoci na Unguwa Uku da Dawanau da masu lodi a Singa. Ni ɗan Fagge ne, tirela nake ja a nan Amurka, jihar Jojiya nake zaune. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai, yau dai na ce bari na rubuto.

Duk sanda aka ce Najeriya ta sayi makamai a wajen Amurka, hirarmu ba ta wuce nawa aka biya, yaushe za su iso. Kun tuna jiragen Super Tucano guda 12 da aka biya kusan dala miliyan 500, shidan farko ma ai a filin jirginmu na Malam Aminu Kano suka sauka a watan Yulin 2021. To su jirage da fukafukansu suka zo. Amma bama-bamai da harsasai da kayan gyara ba sa tashi sama da kansu, sai an ɗora su a bayan tirela daga masana'anta ko ma'ajiyar soja zuwa tashar jirgin ruwa ko filin jirgi, kuma wannan tafiyar ta kan titi ita ce ba wanda yake maganarta a gida.

Cinikin gwamnati da gwamnati ne, FMS suke ce masa, a ƙarƙashin dokarsu ta fitar da makamai ta 1976. Abin da ya kamata ku sani shi ne gwamnatin Amurka ba ta yarda ta yi asarar ko sisi a ciki. Mai saye ne zai biya komai, kuɗin kaya, kuɗin lodi, kuɗin mota, har da wani kaso na ɗawainiyar ofis da ake ɗorawa a kai. Kuma yawanci tun daga wurin da aka fara lodin kayan sun zama mallakar ƙasar da ta saya, wato tirelar da ke tafiya a titin Amurka da kayan Najeriya, dukiyarku ce a kai, da kuɗin talakan Kurna da na Rijiyar Lemo aka yi hayarta. Kayan da ba su da haɗari, ƙasar da ta saya tana iya ɗaukar ejan ɗinta ya karɓa ya tura mata. Amma masu fashewa da makaman da ake tsoron su faɗa hannun ɓata-gari, waɗannan sai ta hannun tsarin sufurin ma'aikatar tsaronsu, a kai su tasha ta soja irin Sunny Point da ke Karolina ta Arewa, wadda aikinta kenan lodin harsasai da bama-bamai a jirgin ruwa.

Ni kayan kanti nake ɗauka, ba irin wannan lodin ba, amma mukan haɗu da masu ɗaukarsa a wuraren shan mai, wallahi sai ka ga kamar ba sana'a ɗaya muke ba. Ba kowane kamfani ake ba kwangilar ba, sai wanda sojoji suka tantance. Direba sai ya sami shaidar ɗaukar kaya masu haɗari a kan lasin ɗinsa, an ɗauki hoton yatsunsa an binciki tarihinsa. Su biyu ne a mota, duk direbobi, babu maganar yaron mota, in ɗaya ya shiga cin abinci ɗayan yana gindin motar idonsa biyu. Akwai na'urar da ke nuna wa ofishin soja inda motar take ta tauraron ɗan adam, da maɓallin da direba zai danna in an tare shi. Hanyar da zai bi a rubuce take tun kafin ya tayar da mota, ba zai ce bari na ratsa ta gida na gaida iyali ba, kuma doka ta hana shi fakin da manyan abubuwan fashewa kusa da gada ko gidajen mutane ko inda jama'a ke taruwa, sai ya ba da tazarar ƙafa 300, kusan mita 90 kenan. Ko mu masu kayan kanti awa 11 ne iyakar tuƙinmu, daga nan dole ka huta awa 10, kuma kwamfutar mota ce take ƙirgawa, ba za ka yi mata wayo ba.

Kar wani ya ce ina yabon Bature ne. Su ma tsoron ransu ne da na mutanensu ya sa suka yi tsarin, kuma ku sani tsadar duk wannan tsaron tana cikin bil ɗin da aka miƙo mana. Abin da ke damuna shi ne mun biya an kula da kayan nan taku bayan taku a ƙasar wasu, to in sun sauka a tashar jirgin ruwa ta Apapa ko ta Onne fa, aka kamo hanyar Arewa, ta Lokoja, Abuja, Kaduna, Zariya, wa yake da alhakinsu a kowane zango, a ina ake kwana da su, direban ya yi barci kuwa? Ku direbobi kun fi ni sanin yadda hanyar nan take, kun san gosulon da ake yi daga Na'ibawa, kun san yadda tirela take tsayawa daf da mai shayi da mai sayar da fetur a jarka. Mu da muka ga abin da ya faru a barikin Ikeja ran 27 ga Janairun 2002, da ma'ajiyar makamai ta fashe mutum sama da 1,000 suka rasu, da yawa ruwa ne ya cinye su wajen gudu, bai kamata a ce sai an roƙe mu mu yi wannan tambayar ba. Ga Majiya nan maƙociyarmu a Jigawa, tankar fetur ce kawai a Oktoban 2024 amma sama da mutum 150 ta ɗauke, Allah ya jiƙansu. Ina ga lodin bom?

Kuma cinikin bai ƙare ba. A 2022 Amurka ta amince da sayar mana da helikwaftocin yaƙi 12 na kusan dala biliyan ɗaya, kayansu da makamansu ma hanyar nan za su biyo.

Ba cewa nake soja su faɗa mana ranar da za su wuce da kaya ba, wannan sirri ne kuma ya dace ya zama sirri. Amma ƙa'idar kanta ai ba sirri ba ce, a nan duk wanda ya so zai karanta ta a intanet. Don Allah 'yan majalisarmu na Kano da ke Abuja, in an kawo muku kasafin tsaro ku nemi a nuna muku layin kuɗin sufuri daban, da sunan hukumar da ke sa hannu ta karɓi kaya a tasha da wadda ke sa hannu a bariki. Ku kuma shugabannin NARTO, ƙungiyar masu motocin sufuri, da NURTW, ƙungiyar direbobi, ku nemi a zauna da ku a rubuta dokar direba biyu da wuraren kwana na musamman a bayan gari don duk lodi mai haɗari, na soja ne ko na kamfanonin fasa dutse, tunda baifas muna da shi ba sai an ratsa ta cikin gari ba.

A gaida mutanen Fagge baki ɗaya. Naku, direba daga Jojiya.