Abin da aikin canza gada ya koya mini kafin in ajiye aiki

Ƙarshen watan nan zan miƙa makulli, kuma tunda wasunku sun matsa in bar wani abu a rubuce ga wanda zai gaji teburina a wannan aiki namu na binciken kayan tarihi kafin a yi gini, to ga shi. Cike fom da tsara rahoto duk kun iya. Maganar gadar nan zan yi, wadda har yau in an ambace ta a taro sai kowa ya hau duba wayarsa.

Gada ba a dasa ta a ko'ina. Inda kogi ya tsuke, ko gaɓa ta yi tauri, ko ruwa bai wuce gwiwa ba, nan mutane suke ƙetarewa tun ba a san siminti ba. Mashigi ya koma gadar itace, ta itace ta ruɓe a yi ta dutse, ta dutse ta gaji a zuba kankare, duk a wuri guda ko 'yan taku kaɗan daga juna. Inda ake ƙetarewa kuwa nan ake yada zango a jira ruwa ya janye, nan kaya ke faɗawa, nan ake ɗaure jirgi. Saboda haka duk ranar da aka kawo muku aikin sauya gada, ku ɗauka akwai kayan tarihi binne a ƙasa har sai bincike ya nuna babu.

Ogan namu na lokacin da aka kawo mana aikin gadar nan bai yarda da haka ba. Hujjarsa ita ce sabuwar gada za ta zauna daidai inda tsohuwar take, kuma waɗanda suka gina tsohuwar sun riga sun birkice ƙasar wurin, don haka binciken takardu da taswira ya wadatar. Rabin maganarsa gaskiya ne. Ƙarƙashin ginshiƙan, e, babu abin da ya saura. Amma ai kafin a rushe gada sai an yi wa motoci hanyar wucin gadi da ƙaramar gada a gefe, sai an share filin ajiye kaya da na injin ɗaga ƙarfe, sai an kafa shingen ƙarfe a tare ruwa a zuƙe shi. Duk wannan a kan ƙasar da katafila ba ta taɓa hawa ba ake yinsa, kuma ba ya cikin zanen farko da ake turo mana, don ɗan kwangila ne ke tsara shi daga baya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar gwajin ƙasa ta injiniyoyi. Su nauyin da ƙasa za ta iya ɗauka suke nema, amma suna rubuta duk abin da bututun ya fito da shi. A rami biyu na gefen da za a bi da hanyar wucin gadi, ƙasan yashi da tsakuwa, an rubuta baƙar laka mai ɓurɓushin itace. Na kwatanta da tsohuwar taswira, sai na ga hanyar da can ba ta miƙe zuwa gadar yanzu ba, ta karkata ne ta sauka bakin ruwa daidai wurin. Na rubuta sakin layi guda: a haƙa ramukan gwaji a kan layin kafin a ba ɗan kwangila fili, kuma a bar mu mu duba ƙasar da aka ciro da idonmu.

Ogan ya kira ni ofishinsa ya ce, "Malam, kai dai ka cika son wahala." Mun karɓi aikin da araha, mai aikin yana da wasu gadojin a gaba, ba a so mu zama masu kawo tsaiko. Ya cire sakin layin, ya bar sunana a bangon rahoton, ya aika.

Direban katafila ne ya fara gani. Ya tsaya da kansa ya kira ni, don ya ce bokitin yana cin wani abu da ba saiwa ba. Turaku ne a jere, layi biyu, baƙi ƙirin, an fiƙe bakinsu, har sawun gatari yana nan ɗaya bayan ɗaya, ka ga inda mai saran ya juya itacen ya sake sara. In ka danna da yatsa sai ya lotsa kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Bokitin ya riga ya datse kawunan da yawa daga ciki, kuma injinan zuƙe ruwa sun daɗe suna aiki.

Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mini ciwo, kuma shi ne abin da injiniyoyi ba su cika ganewa ba. Itacen da ya shekara ɗaruruwa a cikin laka ya tsira ne don iska ba ta kai gare shi, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi ba sa iya aiki sosai. Amma cikinsa ya riga ya zagwanye, ruwa ne kawai ke riƙe da siffarsa. Ka janye ruwan, ya tsage, ya motse, ya murɗe, kuma ko ka sake jiƙa shi ba zai koma yadda yake ba. Injin kuma ba ramin kaɗai yake busarwa ba, yana sauke ruwan ƙasa a duk kewaye, har abin da ba a tono ba ya lalace a inda yake kwance.

Ba sabon abu ba ne a wannan sana'a. A 1992, ana aikin hanya a Doba ta Ingila, aka ci karo da jirgin katako mai kimanin shekara 3,500, kusan mita 6 a ƙasa, an ɗinke allunansa da rassan itace. Abin da aka iya cirowa mita 9.5 ne, saura yana can. An same shi ne don akwai masu binciken tarihi tsaye a bakin ramin. A Yenikapi ta Istanbul, aikin jirgin ƙasa ya faɗa kan tsohuwar tashar jiragen ruwa, aka tono jirage 37, aikin ya yi jinkirin shekaru. Kwale-kwalen Dufuna ta jihar Yobe ma, da aka gano a 1987 ana haƙa rijiya, danshin ƙasar bakin kogi ne ya adana shi kusan shekara 8,000. Dokokin da muke taƙama da su daga irin wannan suka fito: Amurka tun 1966 ta wajabta duba tasirin ayyukan gwamnatin tarayya a kan wuraren tarihi, Ingila ta fitar da ƙa'idarta a 1990 bayan rigimar kufan tsohon gidan wasan kwaikwayo na Rose da aka gano a Landan a 1989, sannan yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Baleta a 1992 ta sa kuɗin bincike ya shiga lissafin aikin tun farko. Manufar duka ɗaya ce, a duba tun zane yana kan takarda, lokacin da matsar da hanya mita goma aikin fensir ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aiki ya tsaya, ɗan kwangila ya fara lissafin kuɗin injinan da ke zaune, aka kira taro. A gaban mai aikin, ogan ya buɗe rahoton ya ce wanda ya rubuta bai nuna akwai haɗari ba. Ina da rubutun farko da kwanan watansa. Da na nuna masa bayan taro, cewa ya yi kada in kunyata kamfani a gaban baƙi, za a gyara a cikin gida. Gyaran shi ne aka rataya mini jakar tsaba a takardar auna ƙwazo ta shekarar, shi kuma aka ƙara masa girma. Ba na riƙe da kowa. Amma ni na tsaya a cikin taɓo na zana turakun nan ɗaya bayan ɗaya, na naɗe su da leda, na sa aka yanki samfurin da aka gano shekarunsu da shi, kuma abin da aka sani game da wannan mashigin yau daga littafina ya fito.

Sauran gajeru ne. Duk gyaran da aka ce ku yi da baki, ku mayar da shi imel kafin ku tashi. Ku nemi zanen ayyukan wucin gadi, in an ce bai fito ba ku rubuta a rahoto cewa ba ku gani ba. Na'urar leƙen ƙasa ba ta cika ganin abin da laka mai kauri ta binne ba, kada shirunta ya rufe muku ido. A sa wa katafila bokiti marar haƙori wajen share ƙasar sama, ko da direba zai yi ƙorafi. Ku kuma san sunan direban, shi ke ganin ƙasa kafin kowa.

Ita kanta tsohuwar gadar kayan tarihi ce, a ɗauki hotonta a auna ta kafin guduma ta hau.

Turakun da muka ceto suna cikin tankin bayan sito, ana canza musu ruwa, kuma kuɗin adana su da na rubuta rahoton ƙarshe har yanzu mai aikin bai saki ba. Takardun neman suna cikin koren fayil. Wanda ya gaje ni ya bi su da kansa, don in ya bar wa na sama za su kwana a can.