Kilishinmu da zancen kasuwar halal

Sana'ata kilishi ce, a Kano nake yin ta, kuma ban iya wata ba. Ɗan ƙaramin kamfani ne, ni da yarana. Muna yin ja, muna yin fari, muna yin marar yaji saboda masu gyambon ciki da ƙananan yara, ga dambun nama ga wanda ya yi oda. Tun da gwamnati ta taso da zancen bunƙasa tattalin arzikin halal, da wuya mai sayayya ya zo bai ce min ba, "Malam, ai kakarku ta yanke saƙa, kilishi zai tafi Saudiyya da Dubai." Nakan ce Allah Ya sa, amma da sauran rina a kaba.

Zancen ba ƙarami ba ne. A watan Satumba na 2024 ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya kira taron masu ruwa da tsaki a Abuja a kan wannan magana. Lissafin da gwamnati ta bayar shi ne kasuwar halal ta duniya ta kai kimanin dala tiriliyan 7, kuma ana fatan ta ƙara wa arzikin Najeriya dala biliyan 1.5 zuwa 2027. Ba nama kaɗai ake nufi ba, har da magunguna, kayan kwalliya, sutura, yawon buɗe ido, da harkar kuɗi marar ruwa irin ta bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da sukuk, wato takardar lamuni marar ruwa, na naira biliyan 100 da gwamnati ta fitar a 2017 aka yi hanyoyi da shi. Waɗancan na bar wa masu su. Ni nama na sani, a kansa zan yi magana.

Alhajin da ya ci kaza a Makka, ba mamaki daga Burazil ta fito. Naman da ake shigarwa ƙasashen Larabawa, mai yawa daga Burazil ne da Indiya da Ostireliya, ƙasashen da Musulmi ba su ne masu rinjaye ba. Mu da muke yanka da Bismillah tun kaka da kakanni, ga shanu a Maigatari da Wudil da Potiskum da Mubi, ba a ganin namanmu a can. Abin da suka fi mu shi ne shaida. Mai saye a Jidda ba zai zo ya tsaya a kan mahaucinka ba. Takarda yake so wadda za ta nuna masa inda dabbar ta fito, wane likita ya duba ta, wa ya yanka, a wace kwata, da abin da ya taɓa naman har ya shiga leda. Su sun ɗauki mayanka Musulmi aiki, sun sa masu sa ido, sun rubuta komai. Mu kuwa mun tsaya a kan "ai kowa ya sani."

A wajen kawuna na koyi aikin nan, Allah Ya jiƙansa, kuma shi bai taɓa yarda da "ai kowa ya sani" ba. Bai sayen naman da bai ga dabbarsa a tsaye ba. Da an idar da Asuba zai kama hanyar kwata, ni ina biye da kwando. Zai sa a tayar da sa ya taka, ya dubi idonsa, ya taɓa hancinsa, ya leƙa baki da kofato. In aka kayar, yana tsaye har wuƙa ta raba maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da an ɗaga hannu ba, ya jira jini ya tsiyaye sarai. Bayan fiɗa sai ya ce a miƙo masa hanta da huhu. In ya ga abin da bai gamshe shi ba, ko an riga an yi ciniki sai ya juya. Mahauta na cewa, "Haba Baba, wannan ai lafiya lau yake," shi kuwa ko waiwaye ba ya yi.

Yaro a wajensa ba ya taɓa wuƙa da wuri. Korar ƙuda za ka yi, da wankin faranti, da juya nama a gadon shanya, har sai idonka ya san bambancin naman da ya bushe da wanda ya yi ɓawo a sama cikinsa da danshi. Sannan a ba ka cire kitse da jijiya. Yanka shi ne na ƙarshe, kuma a nan ake gane wanda zai yi sana'ar da wanda zai koma tallan tsire.

Cinya muke saye, tsoka zalla. Ana yanke ta gunduwa-gunduwa, sai ka ɗora gunduwa ɗaya a tafin hannu ko a kan katako, ka sa wuƙa kana bi kana warware ta a hankali, tana buɗewa tana tsawo, har ta zama falle guda ba huda ba tsaga. Wuƙar ba ta sara, shafa take yi, kuma kowane ɗan lokaci sai ta koma kan dutsen washi. Kawu yakan ɗaga falle ya kara shi da rana. In haske bai ratso ba, sai ya dubi yaron ya ce, "Kai, kilishi na ce ka yi ko tabarma?" Har yau haka nake duba aikin yarana, falle-falle. Na ga injin yankan nama, yana da sauri, amma yankan sa gutsi-gutsi ne, ba ya bin zaren tsoka, shi ya sa kilishin inji yake ƙarewa a baki ba tare da ka ji ka ci nama ba.

Daga yanka sai shanyar farko. Da hunturu aikin yana daɗi, iska ce ke yi maka rabinsa, sai dai ƙura. Da damina kuwa hadari na iya taso maka nama bai kai ba. Saboda haka na gina rumfar shanya mai raga ta ko'ina, rana da iska su shiga, ƙuda da ƙura su tsaya a waje. Abokan sana'a sun yi min dariya, wai kilishin da bai sha iskar titi ba ba ya daɗi. To, ga shi masu saye ba su ce haka ba.

Labu shi ne sirrin kowane gida. Kayan a fili suke: tunkuza, citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, tafarnuwa, albasa, gishiri. Awon ne ba na faɗa. Gyada ni nake saye da kaina, a tsince ta ɗaya-ɗaya, a soya, a matse mai, don ban yarda da tunkuzar kasuwa ba. Labu mai kyau ruwa-ruwa yake, yana shiga cikin naman ne, ba ya zama a bayansa. A tsoma falle ya sha, a mayar shanya ta biyu, sannan gashi a kan garwashin da harshen wuta ya riga ya mutu, 'yan mintoci kaɗan, ana juyawa ana yayyafa man gyada. Ka yi sakaci kaɗan ya ƙone ya yi ɗaci, ka yi gaggawa ya fito da ɗanyen warin gyada. A bar shi ya huce sarai kafin ya shiga leda, in ba haka ba gumi zai kama shi ya yi funfuna.

Yanzu ka ɗauki wannan wahalar ka ajiye gefen abin da wasu ke sayarwa a tasha da bakin hanya. Ɗanyen nama kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, in ya bushe ɗan kaɗan yake saura. Duk wanda ya ba ka kilishi tuli a kuɗin da bai sayi ɗanyen naman ba, ka tambayi kanka me ka saya. Fulawa ake zubawa a labu don ya yi kauri ya yi nauyi, a cika kala da sukari, a lafta a jikin falle har ka rasa naman. Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai masu sayen dabbar da ta kusa mutuwa a mota aka yi saurin sa mata wuƙa, ko ba a ma kai ga sawa ba. An sha kama busasshen naman jaki a hanyoyin ƙasar nan. Yaji da kala suna rufe komai. Sannan mutum ya zo shagona ya ce, "Malam, a can an ba ni ninkin wannan." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, koma can ɗin."

Su ne suke tsorata ni game da wannan tsari na gwamnati, don kwantena ɗaya ta irin kayansu ta isa ta rufe mana ƙofa mu duka. Mun gani a wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, manomin da bai taɓa zuba komai ba shi ma ya shiga ciki. A sana'armu ma akwai masu fesa maganin ƙuda kusa da shanya. Gyada kuma in ta yi funfuna tana haifar da gubar da ake kira afalatoksin, wadda gashi ba ya kashe ta, kuma tana cikin abin da ake fara aunawa a ƙasashen waje. Dalilin tsintar gyadata ke nan.

Hatimin halal na ƙasashen waje ba a bakin wuƙa yake tsayawa ba. Malesiya tana da hukumar JAKIM mai ba da shi, Indonesiya tana da tata, BPJPH, kuma tun Oktoban 2024 ta wajabta takardar halal a kan abinci da abin sha na manya da matsakaitan kamfanoninta. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, wadda Najeriya ta shiga a 1986, tana da cibiyar ma'auni mai suna SMIIC a Istanbul. Masu binciken irin waɗannan wurare za su tambaye ka ɗunƙulen da kake sawa me ke cikinsa, kalar daga me aka yi ta, da me kake wanke tebur, motar da ta ɗauko naman me ta ɗauka jiya. Kowace ƙasa kuma tana da jerin hukumomin da ta yarda da hatiminsu. In wanda ya ba ka takarda ba ya cikin jerin, kwalliya ce kawai ka buga a leda.

Ko da ka haye wannan, akwai lafiyar dabbobi. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar nama daga inda ciwon baki da kofato da ciwon huhu na shanu ke yawo, kuma suna yawo a nan. Shi ya sa wanda ya ɗauki kilishi tsaraba zuwa Ingila ko Amurka ake karɓe shi a filin jirgi, komai kyawun ledarsa. Ni ina faɗa wa masu tafiya gaskiya tun a shago, ko da zan rasa cinikin. Wannan ba abin da mai kilishi zai gyara ba ne. Aikin Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ne da aka kafa a 2024: rigakafi, shaidar asalin dabba, da hana sayar da wadda aka yi wa allura jiya maganin bai bar jikinta ba. Sai kwata. Duk wanda ke rubuta tsarin nan, ina roƙonsa ya je kwata da asuba ko sau ɗaya, ya ga inda ake fiɗa a ƙasa, ya ga ruwan da ake wanki da shi, ya ga yadda ake ɗora cinya a bayan babur ba rufi. Ni da baho mai murfi nake zuwa, kuma Sarkin Fawa ya san ba a ajiye nawa a ƙasa, amma mutum ɗaya ba ya gyara kwata.

Abin da ke hannuna na yi. Ina da rajistar NAFDAC. Ina da littafi da nake rubuta kasuwar da dabba ta fito, ranar yanka, da wanda ya yanka, kuma kowace leda tana da lambar da za ta mayar da ni shafin. Abin da kawu yake riƙewa a ka ne na mayar takarda. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu wani mataki, sun yi wa kilishinsu rajistar suna ta yadda ba kowa ne zai kira kayansa kilishin Nijar ba sai ya bi ƙa'idar. Namu na Kano, da ake zuwa nema har Agadasawa daga ko'ina, ya cancanci haka.

Na ji kamfanin JBS na Burazil ya sa hannu da gwamnati a 2024 kan zuba dala biliyan 2.5 a masana'antun nama. Irin su ba su da matsalar takarda, suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Mu ƙanana abin da muke so shi ne ɗakin gwaji a kusa, ba sai mun aika samfur nesa ba, da hatimi guda wanda na waje suka yarda da shi, da mai bincike da zai zo ya duba da idonsa. A kuma tsare hatimin, don na san mutanen nan. Ranar da aka fito da shi, kafin mako ya zagayo za ka gan shi a ledar masu fulawa, an buga shi ya fi na gaske kyau. An yi min haka da tambarina, har launin ledar aka kwaikwaya, sai da wata hajiya ta dawo min da kayan da ba ni na yi ba tana faɗa.

Na nuna mata yadda ake ganewa, kuma kowa zai iya gwadawa. Ka ɗaga falle ka kara da haske. Ka lanƙwasa shi: na gaske yana karyewa da zaren nama a bakin karayar, na jabu labun ne ke zubowa gari-gari ya bar maka ɗan fatar nama. Ka goga shi a farar takarda, in ta yi ja jawur kala ce. In daga wajenmu aka ce ya fito, juya bayan ledar ka nemi lambar, ka karanto min ita, zan faɗa maka ranar da aka yanka dabbar da kasuwar da aka sayo ta.