Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗurin Wani

Makon jiya na tsaya inda Baba ya zaunar da ni gindin zugazugi, na kuma yi muku alkawarin yau labarin aurena na fari. Auren zai jira. Ranar Talata taubashina Na-Gwaggo ya aiko ɗansa wai in ara masa Tsohuwa, bindigar da muka gada, za a kai ta bajen kolin kayan gargajiya, kuma tun ranar zuciyata ta koma Sallar 1984 ta ƙi dawowa.

Baba yana da magana ɗaya da ba ya gajiya da ita: "Kada ka harba ɗurin wani." Yana faɗinta a maƙera, yana faɗinta a bakin kwanon tuwo, har ranar da Yaya Babba zai karɓi bashin taki sai da ya faɗa masa ita. Mu yara muna kwaikwayon muryarsa a ɓoye muna dariya.

Aikin gidanmu na yau da kullum fartanya ce da garma da lauje. Bindiga aikin bayan la'asar ce, a ɗakin da ke bayan zaure, kuma ba kowane ɗa ake bari ya shiga ba. Bindigar toka muke ce mata. Masu raini su ce harba-ka-ruga, sunan da Baba ya tsana, yana cewa wanda ya iya ɗuri ba ya ruga. Ƙotar daga maɗaci yake sassaƙa ta, ya yi ta gogawa da man gyaɗa har ta yi duhu. In ya gama sabuwa ba ya miƙa wa mai ita sai ya kai ta bayan gari, ya yi mata ɗurin da ya fi ƙa'ida, ya ɗaure ta a jikin kuka, ya ƙulla doguwar igiya a kunamar, mu koma bayan tudu ya ja. In ta jure ta zama bindiga. In ta tsage, a mayar da ƙarfen wuta a yi lauje. Ku riƙe wannan, domin waɗanda suka zagi ƙirar Baba daga baya duk sun sha tsayawa a bayan tudun nan tare da mu.

Ɗurin kansa ba wuya, natsuwa yake so. Ka zuba albarushi daga ƙaho, ka juye ta baki, ka bi shi da tsumma, ka danna da ƙarfen ɗuri har ya zauna. Abin da ya rage na ƙarfen a waje shi ake aunawa da yatsu, shi ke gaya maka abin da ke ciki. Maharba suna ƙara darma ko gutsattsarin ƙarfe. Mu 'yan hawa ba ma sa komai sai albarushi da tsumma, ƙara da hayaƙi muke nema. Kuma kafin ka zuba ko ƙwaya ɗaya, sai ka fara zura ƙarfen cikin bindigar ka ga ko fanko ce. Wannan shi ne karatun farko.

Tsohuwa kuwa ba ƙirarmu ba ce. Mai ƙanƙara ce, irin wadda dutse ke karta ƙarfe tartsatsi ya faɗa kan albarushi, ba irin na Baba ba masu hula, wato 'yar hular ƙarfe da ke fashewa ta kunna albarushi. Ina shekara 12 ta fi ni tsawo. Kaka ya ce kakansa ya zo da ita daga Gwanja a fataucin goro. Irinta ce Turawa ke kira da sunan mutanen Denmak, saboda 'yan kasuwarsu da suka yi ta sauke su a gaɓar Ankara. Da na girma na ji a tarihin Kano cewa zamanin Sarki Kumbari, wanda ya hau a 1731, aka shigo da garkuwoyi daga Nufe da kuma bindigogi, sannan Babba Zaki, da ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye dakarun 'yan bindiga a fada. A Damagaram ma Sarki Tanimu har igwa maƙeransa suka zuba. To sana'ar da ake kallo yau kamar abin kunya, ga inda ta fito.

Na ce 'yan bindiga. Kun ga yadda sunan ya zama? Da in aka ce wane ɗan bindiga ne, mutum ne mai jar riga da ke tafe gaban hakimi ranar hawa, mata na guɗa. Yanzu jikata ta je makaranta ta ce kakanta ɗan bindiga ne, malamar ta aiko a kira uwarta. Na yi dariya a gabansu, da dare ban yi barci ba.

Mu koma 1984, shekarar da aka canza launin kuɗi. Ƙaramar Sallah ta faɗo ƙarshen watan Yuni. Shekarar fari ce, amma daren jajibiri an yi yayyafi, ƙahona kuma na bar shi rataye a bakin taga. Albarushi ba abin da yake sha kamar laima. Shekarata 17, hawana na biyu, ina ji da kaina.

Muna tafe gaban hakimi mu kusan ashirin, Sarkin Bindiga ya ɗaga hannu, muka saki gaba ɗaya. Hayaƙi ya rufe ko'ina, dawakai na ja da baya, kunne na ƙugi. Na ja kunama, hula ta fashe, amma kafaɗata ba ta ji duka ba. Na san ba ta ji ba. Kafin in yi wani tunani Na-Gwaggo ya fizge ta daga hannuna, wai tasa kunamar ta saki, in ba shi tawa tunda ni yaro ne. Taubashina ne, kullum cikin tsokana muke. Kunya ta hana ni in ce ɗurina bai tashi ba, don na san zai yi ta yi min dariya har Sallar layya. Shi kuma bai zura ƙarfe ya auna ba. Ya zuba nasa busasshen albarushi a kan nawa, da hannu mai nauyi don yana son tasa ta fi ta kowa ƙara, ya danna, ya sa hula.

Ƙarar ba irin ta bindiga ba ce. Ta tsage daga gindi, yatsunsa biyu na hagu suka tafi, wani ɓallin ƙarfe ya yanki kunnen dokin wani bafade. Abin da nake tunawa sosai shi ne hularsa a ƙasa tana hayaƙi, da wani yaro mai sayar da rake da ya tsaya baki buɗe.

Kafin magariba gari ya ɗauka cewa ƙirar Baba ce ta ci yatsun ɗan ƙanwarsa. Gwaggo ta shigo gidanmu ba sallama. "Yaya, ka sa wa ɗana ruɓaɓɓen ƙarfe a hannu." Baba bai tanka ba. Da dare ya sa aka kawo masa ragowar bindigar, ya kunna aci-balbal, ya juya ta, ya sa awartaki ya zaro wani ƙonannen tsumma, ya shinshina. Tsumman tsohon zanen Inna ne, wanda ni kaɗai nake yaga ina ɗuri da shi. Ya dube ni. Na jira mari. Sai ya jefa tsumman cikin wuta ya ce in je in kwanta.

Washegari ya je gaban Sarkin Bindiga ya ce laifin ƙarfensa ne. Ya sayar da bijimin huɗa ya biya magani. Daga ranar bai ƙara ƙera bindiga ba har ya rasu a 1991, kuma maganar nan tasa ta ɗurin wani ban sake jin ta a bakinsa ba ko sau ɗaya. Ni ne yanzu nake damun 'ya'yana da ita.

Na san wasu za su ce laifina ne. Ina da kasona, ga shi na rubuta da hannuna bayan shekara arba'in. Amma wa ya fizge? Wa ya ɗura bai auna ba? Na-Gwaggo ya girme ni da shekara shida, ya san karatun farko kafin ni. Har yau in an zauna a wurin suna ko ta'aziyya sai ya ɗaga hannun nan ya ce, "Ƙirar Kawu ce." Ya gina gida da tausayin yatsun nan.

Shekarun da na yi ina tuƙin mota tsakanin Kano da Fatakwal ba abin faɗi a cikinsu. Da na dawo gida na fara bin ƙauyuka ina sayen ƙirar Baba daga hannun magadan maharba. Ina gane su da ɗan zanen ƙafar kaza da yake yi a ƙarƙashin ƙota. Shida na samu, Tsohuwa ta bakwai, kuma ko ɗaya ba ta tsage ba. Dokar makamai ta 1959 ta ware irin waɗannan bindigogi masu ɗurin baki a aji nasu daban, na bi layi na yi musu takarda, don kada wani ya sami abin faɗa. Duk wadda aka harba, a ranar nake wanke cikinta da ruwan zafi in busar in shafa mai, domin tokar albarushi in ta kwana tana jan laima ta ci ƙarfe.

Autana ya nuna min a waya wasu Turawan Amurka da ke taruwa a wani ƙaramin gari, Friendship, a jihar Indiyana, suna gasar harbi da irin waɗannan. Ƙungiyarsu tun 1933 take. Nasu akwai tsaga a murɗe a cikin bututun, shi ke juya harsashi ya tafi saiti, namu kuwa sumul ne. Na ga wani dattijo mai farin gemu ya zura ƙarfen ɗuri ya duba alamar da ya yi a jiki kafin ya zuba albarushi. Na ce wa auta ya mayar min da wurin nan baya. Sau uku ya mayar.

Ɗan Na-Gwaggo yaron kirki ne, ba ruwansa. Na ba shi ruwa, na tambayi mahaifiyarsa, na sauko da Tsohuwa ya taɓa ta ya ɗauki hoto. Sannan na ce, "Ka gaya wa babanka ya zo da ƙafarsa, akwai maganar wani tsumma da zan ba shi." Yau Asabar, bai zo ba tukuna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar auren.