Sikeli ne ke korar min kwastomomi

Shekara shida kenan da na buɗe ɗan gidan motsa jiki a Kano, shago biyu muka fasa bangon tsakiya muka haɗe, injin gudu uku, keke huɗu, sai ƙarafunan da wani mai walda ya haɗa min. Man janareto ne ke cinye ribar, don in aka ɗauke wuta mutum yana kan injin gudu to sai dai Allah Ya kiyaye, na taɓa taro wani dattijo da hannu biyu saura kaɗan ya ci da baki.

Amma wallahi ba mai ne ya fi ci min tuwo a ƙwarya ba, sikeli ne. Mutum zai biya kuɗin wata ya zo kullum da zafinsa, bayan sati uku ya hau sikeli ya ga kilo ɗaya ma bai ragu ba, shikenan ka daina ganinsa ko waya ba zai ɗaga ba.

Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa da ya tsare ni wata asuba, ya dafa tumbinsa yace "Koci, kuɗina kawai kake ci." Nace ranka ya daɗe ranar da ka fara minti nawa ka yi a keke? Yace huɗu. Yau fa? Ya duba allon injin, ashirin da biyu, kuma yana ta surutu ba haki.

Sai na kawo masa zancen kaza. Ƙirjin kaza fari ne, cinyarta ja-ja, don da ƙafa take wuni tana yawo. Tantabara kuwa ƙirjinta ne ja saboda tashi. Jan naman nan cike yake da jijiyoyin jini da wasu ƙananan abubuwa da ake kira maitokondiriya, su ne ke haɗa sukari da kitse da iskar oksijin su fitar da ATP, wato man da tsoka ke aiki da shi kai tsaye. Tsoka bata ajiye ATP da yawa, na 'yan daƙiƙu ne, dole a yi ta ƙera sabo. In kana matsa mata kullum sai ta ƙara yawan maitokondiriyan, ta koma ƙona kitse sosai tana tattalin sukarinta. Tun 1967 wani likita a Amurka, John Holloszy, ya sa ɓeraye gudu a kan inji na tsawon makonni, ya tarar ƙarfin wannan aiki a tsokarsu ya kusa ninkawa biyu. Sikeli baya nuna wannan, shi yasa yanzu na ɗauke shi na kai bayan ƙofa, kowa na buɗe masa kati ina rubuta mintocinsa.

Abin haushin shine jiki baya riƙe abin da ba a amfani da shi, in ka zauna kamar sati biyu kusan rabin ƙarin nan ya zube. Alhaji ya tafi Umara da azumi, ya haɗa da hidimar Sallah, ya dawo ya hau keke minti tara yana haki kamar an biyo shi, ya sauko yana goge zufa da hularsa yace wai yarana sun ɗaure masa keken. Na sa yaro ya kawo sufana ya ɗan taɓa wani noti da ba ruwansa da komai, Alhaji ya koma ya ƙara minti uku.